Ruwan Da Na Dafa Wa Innarku

Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Asma'u da jiki. Allah shi sauke ku birni lafiya, shi tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe, shi sanya albarka a hannun wanda zai yi mata aiki, shi maido muna ku kuna takawa da ƙafafunku.

Na ce maka kada ka buɗe takardar ga sai kun sauka, don ba na son ka karanta ta kana kallon idona. Ba irin maganar da uba ke yi da ɗanshi baki da baki ba ce. Labarin gida kuwa babu shi a ciki, da safen nan ka baro gidan.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da na ji ka yi shekaranjiya. Kuna tsince ruɓaɓɓiyar albasa a rumbu kai da ƙanenka Hassan, ni ina ta baya ina gyara zana, ba ku san ina nan ba. Na ji ka yi tsaki a kan aikin matarka ka ce, "Ni ban ga abin da cikin nan ya tsare mini ba. Ni ban yi ƙorafi ba. To wa take son ta burge?" Igiyar da ke hannuna sai da ta suɓuce. Maganar ga tawa ce, Bello. Ni na fara yin ta, a ɗakin innarku, lokacin kana makaranta a Sakkwato. Har tsakin iri ɗaya ne.

Kun taso kun san an yi wa innarku aiki sau biyu a ciki, kuma an gaya muku na farkon ne bai yi kyau ba. Ƙarya ce. Aikin farko ya yi kyau, ni na ɓata shi. Yau zan gaya maka yadda anka yi, tunda irin aikin nan za a yi wa matarka, kuma na ga ka ɗauko hanyar da na bi.

Bayan haihuwar Hassan da Husaini, naman cikin innarku ya rabu gida biyu, cibiya ta turo, fata ta saki ta zazzago. In bazara ta yi, ƙarƙashin fatar ya dinga saɓulewa shina ruwa. Bayanta ba ya barin ta tsayuwa. Duk wannan a gabana anka yi shi, amma ni abin da na sani shi ne tuwona na zuwa kan lokaci. Da wani likita ya ce ana iya ɗinke naman a rage fatar, ta zo mini da maganar cikin ladabi, sai na ce mata, "Ciki takwas kin haifa, yanzu ne za ki koma budurwa? Don wa?"

Ta ɗago ta dube ni. Can ta ce, "Don ni, Malam. Ina son in yi sujada ban tallabe cikina da hannu ba."

Wallahi ban san tana tallabe shi ba. Shekara nawa tana salla a ɗakin da nake shiga kullum, ban taɓa lura ba. Amma kada ka ɗauka wannan ya sa na sauko. Damina biyu na ja ta. A raina na riga na ƙulla cewa macen da ke son gyaran jiki akwai idon da take wa, kuma tunda ni ban nema ba, to idon ba nawa ba ne. Na bi mazan unguwa ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, har mai kawo muna itace ban bari ba, tsoho da shi. Sai ranar da ta duƙa ɗaukar tulu ta kasa miƙewa sannan na yarda, shi ma ina ƙunƙuni.

Saboda haka kada ka ƙara tambayar Asma'u don wa. Ka tambaye ta ina ke mata ciwo, da wane lokaci, da abin da ta daina iyawa tun da anka ciro mata 'yan biyun ga. Za ka ji abin da zai ba ka kunya. In ma ta ce tana son ta ɗaura zani shi zauna mata daidai, to mi ne ne? Kai da ka kai rigarka wajen tela sau uku don wuyan bai kwanta maka ba.

Kuskurena na biyu a asibiti na yi shi. Kwana ɗaya kafin aikin likita ya zaunar da mu, ya yi bayani mai tsawo, a hankali, da Hausa ma ya yi shi. Ni kuwa kunnena na nan amma hankalina na kan hannunshi, don ya ɗauko alƙalami shina zana inda zai yanka a jikin matata. Ina tsaye ina haɗiyar rai, ina lissafin sau nawa ya taɓa ta. Akwai nas mace a wurin, akwai ni, mutumin ga ko fuskarta bai kalla ba, amma ni jinina tafasa yake yi. A cikin bayanin nan ne ya ce fatar da ke ƙasan cibiya za ta mutu murus na watanni, ko an tsunkule ta ba za ta ji ba, don haka kada a kusanto mata da wani abu mai zafi. Innarku ta ji. Ni daga baya na tuna kamar an faɗa.

Kai ka saurara. Ka sa kunnenka, ka ɗauki maganar cikin wayarka ko ka rubuta. Abin da ba ka gane ba ka ce a maimaita, babu wanda zai ce kai baƙauye ne, in ma an ce ba a rage ka da komi ba. Hannun likita a jikin matarka aiki ne, yadda hannunka cikin laka yake aiki. Na san ranka zai sosu duk da haka, jinina ne a jikinka. Ka bar shi shi sosu, kai dai ka ji abin da ake faɗa.

Da anka sallame mu munka dawo Wurno, innarku tana tafiya a duƙe kamar mai tsintar gyaɗa. An ɗaure mata ciki da ɗamarar roba, ga wasu 'yan robobi biyu sun fito daga gefen ɗinkin suna janye ruwan ciwo zuwa cikin 'yan goruna. Kai ma za ka ga wannan, kada gabanka shi faɗi, kuma kada ka yamutsa fuska tana kallonka. Ni na yamutsa. Ba za ta iya kwanciya a miƙe ba, sai ka tara mata matasai a baya, ka sa wani ƙarƙashin gwiwoyi. In za ta tashi kada ka ja hannunta kamar kana ɗaga buhu. Ta juya gefe tukuna, ta sauko da ƙafa, kai ka tallafi kafaɗa. In tari ko atishawa ya taso mata ka miƙa mata matashi ta danna a cikin. Salla a zaune za ta yi ta, babu laifi, na tambaya. Ko buta cike da ruwa kada ta ɗauka, balle yaro. Waɗannan duka na koye su, amma a zagaye na biyu na koye su, lokacin da koyon ya zo a makare.

Likita ya ba mu takarda mu kai asibitin garinmu, a riƙa zuwa ana wanke mata ciwon a gida. Nas mace ɗaya ce ke wannan aiki a lokacin, ita kuma ta haihu tana jego. Sai anka turo muna Nasiru.

Kai ka san shi, shi ne dattijon nan da ke da ɗakin magani yanzu a Rabah, wanda kuke gaisarwa har ƙasa. Abin da ba ka sani ba shi ne mutumin Maikujera ne, garin su innarku, ajinsu ɗaya a firamare, kuma iyayenshi sun taɓa kai goron nemanta kafin nawa su kai. Ni na samu, shi bai samu ba. Ka ce to ai magana ta ƙare tun ba a haife ka ba. A wurin mai hankali ta ƙare.

Ya zo a kan babur ɗinshi mai tsabta, kamar ba ƙasar Wurno yake takawa ba, da farin takalmi, shina ƙamshin turare. Mutum zai zo wankin ciwo, mi ya kawo turare? Gaskiya zan faɗa, don gobe za a tambaye ni: bai taɓa shiga ɗakin ba sai ina nan, kuma sai gwaggonka Kulu na zaune. Shina sa safar hannu, a rufe innarku da zani a bar iyakar wurin ɗinkin, kanshi a sunkuye har shi gama. Hajiya yake ce mata. Ban sami abin kamawa ba, kuma rashin samun ya fi ƙona mini rai.

Rana ta uku, shina naɗe bandeji, ta tambaye shi labarin wata tsohuwa a Maikujera da ke korarsu daga gindin tsamiyarta suna yara. Ya ce tana nan da ranta, har yanzu tana ƙirga 'ya'yan tsamiyar kullum da safe. Innarku ta fashe da dariya, dariyar ta ja mata ɗinki, ta rungume matashi tana cewa shi bari. Shi kuma bakinshi ya suɓuce ya ce, "Yi haƙuri Ige, na manta."

Ige. Sunan da ake kiranta da shi a gidansu. Ni ban taɓa kiranta da shi ba. Kuma tun da anka yi aikin nan, sati biyu ke nan, ban ga haƙorinta ba sai ranar. Ni ke zubar da ruwan gorunan nan, ni ke kai ta bayan gida, ni na bar shinkafata a Goronyo tana neman ruwa, ba ta yi mini dariya ba, sai mai farin takalmi ya zo da labarin tsamiya. Ban tsaya na tambayi kaina mi na faɗa mata na ban dariya a sati biyun ba. Kullum fuskata a ɗaure take, ina yi mata hidima kamar wanda alƙali ya tilasta.

Ka kula da wannan, Bello. Jinya ba ɗauke fo da miƙa magani kaɗai ba ce. Majinyaci shina karanta fuskar mai jinyarshi tun daga bakin ƙofa. In ka shigo da fuskar nan taka ta shekaranjiya, gara ka tsaya waje har ta sake. Ka zauna kusa da ita ka ba ta labarin banza, na kasuwa, na yadda Hassan ya faɗa cikin kwata da buhu a kai. In wani ya riga ka sa ta dariya, laifinka ne, ba nata ba.

Washegari na tare Nasiru a zaure. Na ce mishi mun gode, daga yau mun hutar da shi, za mu ci gaba da kanmu. Ya dube ni, na san ya gane. Bai yi gardama ba. Ya ajiye mini auduga da bandeji da ruwan wanki, ya nuna mini yadda ake yi, sannan ya ce, "Malam, gidanka ne. Amma don Allah abu biyu. Kada ruwan zafi shi taɓa wurin nan ko kaɗan. In kuma ka ga zazzaɓi ko wurin ya canza launi, kada ka kwana, ka neme ni ko ka maida ta birni."

Na ce, "Na ji." A raina kuwa cewa na yi, ji mutum, a gidana yake kafa mini doka a kan matata.

Kwana biyu ina wankin da kaina, kuma ba laifi na iya. Amma cikin ya kumbura, ya yi tauri. Kumburin nan ashe dole ne, kowa shina yin shi, watanni yake ɗauka kafin shi saɓe. Ni ban sani ba, tunda ban saurara ba, kuma wanda zan tambaya na kore shi. Gwaggonka Kulu ta taɓa ta ce sanyi ne ya shiga. Ka san gwaggonka, duk macen da ta haihu a zuriyarmu ita ta yi mata wankan jego, har innarku sau takwas, kuma babu wadda ta taɓa samun matsala a hannunta. Ta ce ba ta taɓa ganin an taɓa cikin mace an bar shi babu gashi ba, a dafa ruwa da ganyen darbejiya a gasa mata, kwana uku zai saɓe. Kada ka riƙe ta da komi. Abin da ta sani ta faɗa, kuma ba ta wurin lokacin da likita ya yi bayani, ba ta zaure lokacin da Nasiru ya yi gargaɗi. Ni nake wurin duka biyun.

Bayan azahar ne. Ni na hura wutar, ni da ban taɓa tsugunawa gaban murhu a gidana ba. Ni na ɗauko tukunyar na kai ɗaki tana tururi. Innarku ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Malam, likita fa ya hana."

Na ce, "Likita, ko Nasiru?"

Da ta yi mini gardama, da ta yi kuka, da ta kira sunan Allah a kaina, wataƙila da na tsaya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gane abin da nake tuhumarta da shi, tana kwance da robobi a jiki, uwar 'ya'yana tara. Ta kwance ɗamarar da hannunta ta juya fuska bango.

Kulu ta tsoma tsumma ta matse, tana yarfe hannu don zafi, ta ɗora. Na ce, "Da zafi?" Innarku ta ce, "Ban ji komi ba." Kulu ta ce, "Ka gani ko? Sanyi ya kashe wurin. A ƙara." Munka ƙara. Muna tsomawa muna dannawa, muna tambaya tana cewa ba ta ji, mu kuma muna ɗaukar rashin jin nan shi ne ciwon da muke kora. Da hannun Kulu ya gaji ni na karɓa. Tafin hannuna sai da ya yi kwana biyu shina raɗaɗi, ka auna fatar da anka ɗaga anka ɗinke sati biyu da sunka wuce.

Da yamma wurin ya yi jawur, Kulu ta ce jini ne ya fara gudu. Da safe ya yi bororo. Na tuna maganar zaure sarai, kalma bayan kalma. Ka san mi na yi? Na rufe wurin da bandeji, na hau babur na tafi Goronyo, wai ranar ce layin ruwanmu, in ban je ba shinkafa za ta ƙone. Ƙarya nake wa kaina, akwai wanda zai buɗe mini ruwan. Abin da na kasa shi ne in je in tsaya gaban Nasiru in ce ya yi gaskiya. Yini guda ina tsaye bakin kwata ina kallon ruwa na shiga fadama, ina ce wa kaina kafin in koma bororon zai faɗa.

Da la'asar na dawo na tarar da Kulu a tsakar gida tana kuka. Innarku jikinta ya yi zafi rau, tana rawar ɗari, wurin ya fara baƙi, gefen ɗinkin ya buɗe, ɗakin ya canza wari. A lokacin kishin ya sake ni, kuma bai sake ni don na yi hankali ba, tsoro ne ya fi shi ƙarfi.

Na sami Nasiru a ƙofar gidanshi shina alwala. Ban iya haɗa magana ba, na ce dai, "Ka zo." Ya zo, ya ɗaga bandejin, ya daɗe shina kallo. Ya ce a nemo mota yanzu. Bai ce ai na gaya maka ba. Bai dube ni ba ma. Shi ya riƙe robar ƙarin ruwa tun daga Wurno har birni, ni ina gaba kusa da direba kamar ɗan rakiya. In gaya maka gaskiya, har yau shirun nan nashi na ci mini rai. Da ya zage ni da mun yi daidai.

Likita da ya gani ranshi ya ɓaci ƙwarai. Kawunnanka biyu sun iso daga Maikujera suna tsaye. Ya ce, "Wa ya sa mata ruwan zafi? Ban hana ba?" Na buɗe baki, Allah shi ne shaida na buɗe, amma innarku ta riga ni. Da muryar da da ƙyar ake ji ta ce, "Ni na matsa a gasa mini, likita. Sun hana ni na ƙi."

Na rufe bakina. Likita ya yi mata faɗa a gabana, yayyenta sunka yi mata faɗa, babban har da cewa ta gode Allah da ya ba ta miji mai haƙuri. Ina tsaye na karɓi yabon. Wata biyu ta ƙara a asibiti. Anka yanke fatar da ta mutu, anka ɗebo wata daga wani wuri a jikinta anka liƙa. Ciwon baya ya tafi, sujada tana yin ta ba tallabe, alhamdu lillahi. Amma wurin ya warke a tattare, shina ja mata in ta miƙe sosai, kuma ɗaurin zanin nan da kuke gani tana yi can sama ba ado ba ne. Da anka ce muku aikin farko ne bai yi kyau ba, ita ta shirya maganar, don kada ku raina ni.

To ga abin da nake so da kai. Babu gashi, babu ruwan zafi, babu kwalbar ɗumi, ko wa ya ce, ko gwaggonka ce ta bugo waya, ko surukarka, ko ni. 'Yan dubiya za su zo, kowa da maganinshi a baki, wannan ta ce kunun kanwa, waccan ta ce a shafa kaza. Ka yi musu godiya ka raka su ƙofa. Ruwan wankanta ka gwada shi da gwiwar hannunka kafin shi taɓa ta. Ka riƙa tada ta tana ɗan takawa kullum, kana riƙe da ita, ko da maƙwabta za su leƙo su ce an mallake ka. Ka ba ta abin da ba zai ɗaure mata ciki ba, zogale, kankana, ruwa da yawa. In ka ga zazzaɓi, ko wari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, ka ɗauke ta a lokacin, ko kana tsakiyar cin abinci. Wanda duk anka turo wankin ciwo, mace ko namiji, ka tsaya a wurin, ka riƙe mata hannu, ka bar shi shi yi aikinshi. In son samu ne ka nemi mace, babu laifi a wannan. In ba a samu ba, kada ka zaɓi ranka a kan fatarta.

Akwai ranar da za ta kalli cikin a kumbure da dogon ɗinki ta yi kuka ta ce da ta sani. Kada ka ce ai na faɗa. Akwai kuma ranar da za ta warke, ta ɗaura atamfa ta zauna mata, ta fita biki mata su yi ta cewa Asma'u kin koma yarinya. Ranar ce abin zai taso maka, na san shi, daga nan ƙasan haƙarƙari yake farawa. Ba zan ce maka zai tafi ba. Ni ga furfura har a gira, amma watan jiya na je kasuwar Rabah, Nasiru ya hango ni ya taso da fara'arshi ya ce, "Ya Hajiya da jiki?" Na amsa mishi da kyau, na dawo gida na kasa cin tuwo. Abin da na koya kawai shi ne in rufe bakina har shi wuce, kuma kada in yanke hukuncin komi shina kaina.

Kuskurena na ƙarshe shi ne ban taɓa ba ta haƙuri da bakina ba. Na sayo atamfa, na sayo ɗan kunne, na sake mata rufin ɗaki. Ta yi godiya duka. Ba ta taɓa tada maganar ba ko sau ɗaya, ko cikin faɗa. Na ɗauka ya wuce.

Amma ka san lokacin sanyi ni ke ɗumama mata ruwan alwalar asuba, tun daga shekarar nan na ɗora wa kaina. In ƙanwarka ta kawo mata ruwa, karɓa take ta zuba. In Asma'u ta kawo, haka. In ni na kawo, sai ta ce sannu Malam, ta karɓa da hannu biyu, sannan ta karkata butar ta ɗiga a yatsa tukuna. Ba da fushi take yi ba, ina jin ba ta ma san tana yi ba. Shekara goma sha wani abu ina kallon yatsan nan.

Jiya da kuna haɗa kaya na ga ka zuba wa Asma'u ruwa daga fulas ka surka mata a buta. Tana magana da innarku, ko juyowa ba ta yi ba, ta miƙo hannu ta karɓa ta zuba a fuskarta. Na tashi na bar wurin. Na yi kishin likita, na yi kishin Nasiru, na yi kishin tsohon mai itace, duk a banza. Jiya kai na yi wa kishi, ɗana na cikina, kuma wannan karon ina da dalili. Abin da ke hannunka ni ma na taɓa riƙe shi, ban san shina da daraja ba.

Ka tafi da yarinyar ga tana karɓar ruwa daga hannunka ba ta dubawa. Ka maido ta haka.

In ka gama karantawa kada ka bugo mini waya a kai, ba zan iya ba. Kawunnanka kuwa ni zan je Maikujera in gaya musu da bakina, bayan na fara da innarku. Yau nake son in yi, in Allah ya ba ni ƙarfin hali, kafin ku kai birni.

Allah shi ba Asma'u lafiya mai ɗorewa, shi sa a yi aikin a sa'a, shi sassauta mata raɗaɗi. Allah shi ba ka haƙuri da taushin hannu, shi tsare ka daga zuciyarka yadda nake roƙon shi tsare ku daga sharrin hanya. 'Yan biyu suna hannun innarku, kada ku sa su a rai. Allah shi yi muku albarka, shi haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Mahaifinka,
daga Wurno.